Tarwaɗar Rijiyar Baba

Akwatin gilashin ya iso gidanmu a bayan a-kori-kura, an naɗe shi da tsohon bargo kamar mai zazzaɓi. Yayana Kamaru ne ya kawo shi daga birni. Wani Alhaji da yake yi wa gyaran wutar lantarki ne zai tashi daga Kano, ya ce a ba duk mai so. Kifayen suna cikin bokiti mai murfi, su huɗu, 'yan ƙanana masu ruwan lemo, wutsiyarsu tana yawo a bayansu kamar gyale.

"Likita ya ce a samar wa Baba abin da zai riƙa kallo," in ji Yaya Kamaru. "Kai kuma Zubairu ba wani abu kake yi ba. Sai ka kula da su."

Ni na kai taki gona a jaki, ni na yi shuka, na yi noma, na yi maimai, ni kaɗai. Amma a wurin Yaya, wanda bai gama makaranta ba ba ya yin komai. Na bar sakandare tun a aji biyu. Ba korata aka yi ba, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Malami yana magana, ni ina leƙen titin Kunci ta taga, ina bin motoci da ido har su ɓace.

Baba shi ne ladanin masallacin unguwarmu. A da muryarsa tana kaiwa har ƙauyen da ke bayan fadama ba tare da lasifika ba. Bara bayan ƙaramar salla ya faɗi a bakin rijiya yana jan guga. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abinci. Inna za ta dama kunu ta zauna a gabansa tana lallashi, shi kuwa ya datse haƙora ya kafa wa bango ido. Mutum mai faɗin kafaɗa ya koma kamar karan dawa.

Muka ɗora akwatin a kan benci a ɗakinsa, daidai inda idonsa yake sauka in yana kwance. Yaya ya nuna mini ɗan abin da shi ma aka nuna masa a tsaitsaye, ya koma birni kafin magariba. Sauran a waya na koya, a gindin tsamiyar bakin hanya, don nan ne kaɗai ake samun sabis a garinmu.

Kifin gilashi ɗan gata ne. Ba a zuba masa ruwa daga rijiya kai tsaye, sai an tara a baho ya kwanta tukuna. Ba a canja ruwan duka lokaci guda, sai dai a zuƙe kaɗan da tiyo a mayar da sabo. Abincinsu 'yan ƙwayoyi ne kamar gero, abin da yatsu biyu suka tsinta ya ishe su, in ka ƙara ruwan ya ɓaci. Akwai ɗan inji da yake hura musu iska, yana aiki da batir, ni kuma ina caja batirin da 'yar solar da muke cajin waya. Ranar da hadari ya rufe rana batir ya mutu, sai in zauna da ludayi ina ɗebo ruwan ina kwararawa daga sama har kafaɗata ta yi tsami.

Ranar farko da na barbaɗa musu abinci, suka taso sama gaba ɗaya suna tsattsaga ruwa da ƙananan bakunansu. Baba ya juyo daga bango. Ya zuba musu ido, bakinsa ya ɗan buɗe kamar yana taya su. Inna ba ta yi wata-wata ba ta zura masa cokalin kunu. Ya haɗiye. Ta ƙara, ya haɗiye. Ranar ya shanye rabin kwano, Inna ta fita tsakar gida tana share ido da gefen zane.

Tun daga nan abin ya zama doka. Kifi ya ci, Baba ya ci. In kifi bai ci ba, ko zuma ka kawo ba zai buɗe baki ba.

Da haka aka ɗaure ni. Ko gona na je hankalina yana kan batir. Ko ɗaurin aure aka yi a ƙauyen gaba, ana shafa fatiha zan kamo hanya. Samarin garinmu in an gama girbi kowa yana haɗa jakarsa ta cin rani, gari ya rage daga tsofaffi sai mata sai awaki. Bara ban je ba saboda ciwon Baba sabo ne. Bana kuma ga dawa ta shiga rumbu, gyaɗa ta bushe a kan rufi, ni ina tsugune ina zuƙe kashin kifi da tiyo.

A haka Dabo ya same ni a bakin rijiya ina cika baho. Dabo ɗan kawuna ne, abokin wasana, bakinsa ba ya hutawa. Yana aikin sa tayil a gine-ginen Abuja, ya zo gida taya kawu girbi.

"Ango, ina amarenka huɗu?" ya ce. "An ce kullum kai kake kai musu ruwan wanka."

"Sun fi ka tsafta dai."

"Sun fi ni gata kam. Ni wa ya taɓa yi mini fifita da ludayi?" Ya leƙa cikin rijiyar ya yi gyaran murya. "Salamu alaikum, Hajiya. Ke da Zubairu ban san wanda ya fi wani sanin duniya ba."

Da tarwaɗar rijiyarmu yake. A garinmu kusan kowace rijiyar gida akwai tarwaɗa guda a ciki. Tun tana ƙarama ake zura ta, ta riƙa cinye tsutsa da ƙwarin da suka faɗa, kuma muddin ana ganin motsinta an san ruwan lafiya lau yake. Tamu Baba ne ya kamo ta a fadama da hannunsa ina yaro, ya sa ta a guga ya saukar da ita a hankali yana bisimilla. Tun daga ranar ba ta sake ganin komai ba sai ɗan da'irar sama.

Dabo ya zauna a kan turmi ya daina dariya.

"Maigidana ya ce in zo masa da mutum ɗaya da zai koyi aiki. Ɗaya tak. Munir na gidan Liman kullum yana ƙofar gidanmu, har ruwa yake ɗebo wa babata. Na ce masa sai na ji daga bakinka. Ranar Lahadi da safe za mu tashi."

Na riƙe igiyar guga ban ja ba, ban saki ba.

"Sana'a ce fa, ba dako ba," ya ce. "In ka iya, ka iya ke nan har abada."

Na sami Inna a rumfa tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na ɗebi tawa ina taya ta, na daɗe kafin na faɗa mata. Ba ta ɗago ba.

"Na san za ka zo da wannan maganar, Auta. Tun da yaron nan ya dawo da takalminsa mai ƙyalli na ga idonka." Ta hure ɓawo daga tafin hannunta. "Wanka da alwala ba matsala, Baffanka Sha'aban ya sha faɗa mini zai riƙa zuwa da hantsi da yamma. Gona an gama. Abu ɗaya ne. Malam ba ya cin abinci sai waɗannan abubuwan sun ci. In ka koya mini na iya riƙe su, na sa maka albarka ka tafi. In ba haka ba, ba zan zauna ina kallonsa yana ƙarewa ba."

Washegari muka fara karatu. Na nuna mata yawan abincin.

"Wannan ɗan abin? Ko ɗan tsako ba a yi wa wannan rowar."

"In kika ƙara, Inna, ruwan zai yi wari su mutu."

"To, Allah ya kyauta. Wannan koren da ya kama gilashin ta baya fa?"

"Gansakuka ce. Ba ta komai, har tsinta suke yi."

"A ɗakin mijina?"

Inna mace ce da ko murfin tukunya ba ta yarda ya kwana da baƙi. Kwanukanta na samira in rana ta haska su sai ka kare ido. Don haka na kafa mata sharuɗɗa, na maimaita har ta gaji da ni: kada ta zubar da ruwan duka, kada sabulu ya taɓa akwatin, kada toka, kada omo. Ta koyi jona batir. Ta koyi zuƙo ruwa da tiyo, ko da yake karon farko ya shiga bakinta ta tofar tana salati, har na ga gefen bakin Baba ya motsa. Kafin ranar kasuwa ta yi komai da kanta tun daga farko har ƙarshe, ni ina tsaye a bakin ƙofa hannuna a aljihu.

Ranar kasuwa muka tafi Kunci da Dabo. Na sayi jaka mai zif da takalmin aiki mai kauri. Ranar ce ta farko tun zuwan akwatin da na yi wuni guda ban tuna da batir ba. Muka ci tsire, muka tsaya a tasha ina karanta sunayen garuruwan da aka rubuta a jikin motoci. Na san a ranar surukan Yaya Kamaru za su zo daga birni duba Baba, amma ban kawo komai a raina ba.

Da la'asar na dawo. Tsakar gida an share ta tas, an yayyafa ruwa, baƙi sun tafi. Inna tana tsaye a ƙofar ɗakin Baba, hannuwanta biyu a cikin zane.

"Auta, sun ƙi tashi."

Na shiga. Ban taɓa ganin ruwan nan da haske irin na ranar ba. Garau yake kamar babu komai a cikin akwatin, har tsagin bangon da ke bayansa kana gani. A ƙasa wani farin abu ya kwanta kamar dusar gero. Uku suna yawo a sama a rigingine. Ta huɗun tana kwance a gefe guda tana buɗe baki a hankali.

"Ban zubar ba," in ji Inna. "Ka ce kada in zubar, ban zubar ba. Sabulu bai taɓa shi ba. Na ga ruwan ya yi duhu ga baƙi na zuwa, matar nan uwar matar yayanka ka san idonta. Alif kawai na kaɗa a ciki, yadda nake yi wa randa."

Da damina in rijiya ta gurɓace, Inna takan ɗauki dunƙulen alif ta kaɗa a randa, kafin a jima dattin ya kwanta ruwa ya yi garau. Da shi muka girma. Na hana ta sabulu, na hana ta toka, amma alif bai taɓa faɗo mini a rai ba, don a gidanmu alif ba a cikin kayan wanki yake ba, a cikin kayan sha yake.

"Baƙin har yaba ruwan suka yi," ta ce a hankali. "Kifayen suka taso sama suna buɗe baki, na ɗauka yunwa ce. Abin da mu muke sha, ta yaya zai kashe su?"

Na kwashe mai sauran numfashin na sa ta a baho. Kafin a kira magariba ita ma ta juya ciki sama. Na binne su a bayan rumbu don kada kyanwa ta ja ɗaya ta wuce da ita ta gaban Baba.

Baba ya riga ya juya ga bango. Inna ta kawo kunu, ya datse haƙora. Da safe ta kawo koko da ƙosai mai zafi, bai ko kalle ta ba. Na je gindin tsamiya na kira Yaya Kamaru.

"Abu ɗaya aka ba ka, Zubairu. Ɗaya."

"Yaya, a ina ake sayar da irinsu?"

"Ina na sani? Alhajin daga Legas ya zo da su. Zan tambaya, amma ba zan samu zuwa ba sai ƙarshen wata."

Gobe Lahadi. Na dawo gida na zauna a bakin rijiya, jakata sabuwa tana rataye a ƙusa a ɗakina. Inna ba ta ce mini kada ka tafi ba, sai kai da kawowa take yi da kwanon da ba a taɓa ba. Na jefa ɗan tsakuwa a rijiyar don haushi. Can ƙasa ruwan ya motsa, wani baƙin abu ya gilma ya nutse.

Na daɗe ina kallon wurin. Sannan na tashi na ɗauko kwando.

"Me za ka yi?" in ji Inna.

"Tarwaɗar zan fito da ita."

"Malam ne ya sa ta da hannunsa. Ba a raba rijiya da kifinta."

"Shi ya sa, Inna. Ya san ta."

Ta kalli ƙofar ɗakin Baba, ta kalli kwanon da ke hannunta, ta shige madafa.

Na aika aka kira Dabo. Muka ɗaure kwandon da igiya ta gefe uku, muka sa dutse a ciki don ya nutse, muka ɗaura hanjin kaza a tsakiya. Muka zura shi a hankali har ya ɓace a ruwa, sannan muka kwanta rub da ciki a bakin rijiya muna leƙe.

"Ka ga ikon Allah," in ji Dabo. "Amare sun rasu, ango ya koma wa tsohuwar budurwarsa."

"Yi shiru za ka kore ta."

"Wannan da ta yi shekara da shekaru tana jin faɗan Inna ta kan guga, muryata ce za ta kore ta?"

Sau biyu tana cinye hanjin ta gudu kafin mu ja. Rana ta daki ƙeyarmu har azahar ta wuce. A karo na uku na ji igiyar ta yi nauyi, na fizga da ƙarfi, Dabo ya kama muka yi ta ja, kwandon yana zubar da ruwa yana girgiza.

Ban taɓa ganinta a sarari ba sai ranar. Tsawonta ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu, amma duk kai ne. Katon kai mai faɗi da dogayen gashin baki, jikin kuwa siriri kamar bulala, don abin da ke faɗawa rijiya bai taɓa ƙosar da ita ba. Fatarta ta koɗe ta yi toka-toka. Hasken rana ya sa ta yi ta bugun kwandon da wutsiya.

Na wanke akwatin da ruwa zalla har sai da na tabbata babu sauran alif, na cika shi da ruwan rijiyar da ta saba da shi, na sake ta a ciki. Da ƙyar take juyawa. In ta miƙe, gashin bakinta yana taɓa gilashi ta nan, wutsiya ta can.

Ƙarar ruwan ce ta sa Baba ya waiwayo. Ya kalle ta, ya daɗe yana kallo. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, irin wanda ba mu ji ba tun da ya faɗi, ya ɗaga hannunsa na hagu mai lafiya yana nuna ta, yana nuna ƙirjinsa.

"Ita ce, Baba," na ce. "Taka ce."

Na jefa mata ɗan tsaki. Ta zuƙe shi da ƙara, ta taso sama ta shaƙi iska da kanta ta koma. Inna tana bayana da kwano. Baba ya buɗe baki.

Ya shanye kunun tas, har ta ƙaro. Inna ta gutsuro ɗan tuwo ta jefa a ruwan don gwaji, tarwaɗar ta haɗiye.

"Wannan kam 'yar gida ce," in ji Inna. "Ba inji, ba batir, ba rowa. Wannan ko ido a rufe zan riƙe ta." Ta ajiye kwanon ta dafa kaina, abin da ta daɗe ba ta yi ba. "Je ka haɗa kayanka, Auta. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa ka da maigida nagari."

Da safe na yi sallar asuba a masallaci, na bi gidan Baffa Sha'aban na yi masa sallama, na biya gidan kawu. Motar da za mu hau tana tsaye a gindin tsamiya ana ɗaura buhuna a samanta. Munir ma yana wurin da 'yar jakarsa, wai rakiya ya zo. Na ce wa Dabo bari in ɗauko jakata in yi wa Baba sallama. Gari ya waye sosai, kaji sun sauko.

Tun daga zaure na ji muryar Inna, ba da ƙarfi ba.

"Auta. Auta, zo."

Tarwaɗar na fara gani. Tana bakin ƙofar ɗakin Baba, ta waje, jikinta duk ƙasa, tana jan ciki da ƙayoyin gefenta. Ta bar sawu mai danshi tun daga gindin benci. Ban san suna tsalle su fita ba. Kifayen gilashi ba su taɓa gwadawa ba, don haka akwatin bai taɓa samun murfi ba.

Baba yana ƙasa a bayanta. Ya jawo jikinsa daga gado ya faɗo, goshinsa ya daki ƙafar benci ya tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Duk da haka ya ja jiki da hannu guda har kusa da dokin ƙofa, hannun a miƙe. Ban sani ba ko so yake ya dawo da ita, ko bin ta yake su fita tare.

Inna tana durƙushe ta kama shi ta hammata tana ja, ta kasa ko ɗaga shi. Na sa hannu na ɗauke shi. Ba shi da nauyi, bai kai damin gero ba, amma ya fi ƙarfin Inna. Na danne goshin da tsumma, jinin ya ƙi tsayawa. Tsagar ta yi zurfi, sai an ɗinke.

"Tafi," in ji Inna. "Mota tana jira. Na riga na sa maka albarka, ba zan janye ba. Baffanka zai zo."

Baffa Sha'aban ya girmi Inna. A kan babur ba zai iya riƙe kansa da mutum mai shanyayyen jiki ba har Kunci. Ita ma ta sani.

Na tsinci tarwaɗar na ɗauraye ta a baho. Na tsaya da ita a tsakar gida, rijiya tana hannun dama, ɗakin Baba yana hagu. Ta cikin ƙofa na ga idonsa mai kyau yana kaina. Na mayar da ita akwatin.

Dabo ya shigo yana kiran ango, ya ga jinin ya tsaya cak.

"Ku ɗan jira ni," na ce. "In kai shi a ɗinke in dawo."

"Direba tun ɗazu yake zagi, Zubairu. Mota ta cika."

"To in biyo ku gobe ko jibi."

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa. "Gobe da safe za mu fara aiki. Mutum ɗaya ya ce in zo da shi, kuma in na je hannu biyu wani zai kawo nasa."

"Tafi da Munir."

Ya tsaya kamar zai yi wata tsokana don a rabu da dariya, bai samu ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce wa Inna Allah ya ƙara sauƙi, ya fita ya turo mana mai babur.

Muka sa Baba a tsakiya, na rungume shi ta baya, hannu ɗaya a ƙirjinsa ɗaya a goshinsa. Hanyarmu ɗaya da motar har bakin kwalta. Muna bin ƙurarta, ina hango hular Munir ta gilashin baya. A mararraba ta karya ta yi kudu, mu muka miƙe zuwa asibiti.

Sai bayan azahar muka dawo, Baba da farin bandeji a goshi. Ma'aikaciyar da ta ɗinke shi ta ce tun da ya gano yana iya saukowa da kansa, zai sake gwadawa, kada a riƙa barinsa ba namiji a kusa. Inna ta ji, ni ma na ji, ba wanda ya kalli wani.

Na kwantar da shi. Na ɗauko babban faifan Inna na kifa a bakin akwatin, na bar 'yar kafa ta gefe don iska, na ɗora ɗan dutsen niƙa a kai. Ba a jima ba tarwaɗar ta taso ta daki faifan da kai, dutsen ya ɗan motsa ya zauna. Ta koma ƙasa, ta juya da ƙyar, ta sake tasowa. Na zura mata tsaki ta kafar. Baba ya buɗe baki, Inna ta ba shi kunu.

Da ya gama ta fito ta same ni a bakin rijiya. Ta leƙa ciki. Ruwan yana kwance shiru, wani ƙwaro yana iyo a kai ba abin da ya taɓa shi.

"Rijiya ba kifi," ta ce. "Sai ka je fadama ka kamo wata ƙarama kafin ruwan ya ƙafe."

Na ce to. Fadamar akwai ƙaya. Na shiga ɗaki na zuge jakar, na ciro sabon takalmin na sa, na ɗauki guga.